Layin Baban Hauwa'u

"Na ce ba za a taɓa ba, Kaltume! Shafin nawa ne ko naki?"

"Naki ne, Yaya, shi ya sa nake miki magana. Da nawa ne ai da tuni na gama."

Asabe ta ci gaba da ɗura yaji a roba kamar ba da ita ake ba. Ƙanwar tata kuwa ta baje a kan tabarma, ta buɗe kwamfutar ofishinsu a cinya, gyale ya zame tana ta huci. Tun azahar suke wannan abu, har matan gidan haya na Rafin Guza sun gaji da kasa kunne sun koma wanke-wankensu, ban da Ladidi ta ɗakin kusa, wadda ta tsiri shanya zani ɗaya sau uku a bakin tagar.

Duk wanda ya san Asabe ya san ta da yaji: na daddawa, na tafarnuwa, da na masu jego wanda har daga Unguwar Sarki ake aiko saye. Mijinta Ado, Allah ya ji ƙansa, shi ya buɗe mata shafi a intanet tun yana aiki a shagon buga takardu. Ya ɗauki robobin hoto a kan farin zanin gadonsu, ya rubuta sunanta ɓaro-ɓaro a sama, amma lambar waya sai ya sa tasa, don a cewarsa ita in tana daka ko aradu ce ta faɗo ba ta ji. Ya ce mata shafi kamar shago ne, akwai gaba inda masu saye ke gani, akwai ɗakin baya inda mai shago kaɗai ke shiga ya gyara kaya. Ita dai ta ce to, ba ta taɓa leƙa ɗakin bayan ba.

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya ɗauke shi. Ranar da aka kai shi, Asabe ta kashe wayarsa, ta naɗe ta cikin shuɗiyar rigarsa ta Juma'a, ta tura ƙasan akwati. Ta yi takaba ta fita, damina ta zo ta wuce, waya na nan inda take. A ganinta adana ta yi.

"Yaya, mata suna kiran lambar nan ba sa samun ki," in ji Kaltume, ta sassauta murya. "Jiya a gidan suna wata ta tare ni, wai ko kin daina yaji ne. Lambar kawai zan canza in sa taki."

"An raba rigunansa, an ba ƙaninsa Husaini babur, an cire sunansa a shago. Nan kaɗai ya rage yadda ya bar shi da hannunsa. Nan ɗin ma sai kun bi shi?"

Kaltume ta gyara zaman kwamfutar a cinyarta. Can ta ce, "To ki ba ni lambar sirrin in duba kawai."

Lambar sirri dai ba wuya, sunan 'yarsu ne Hauwa'u da shekarar haihuwarta, Ado bai iya ɓoye komai ba. Asabe ta faɗa da ƙyar, don ta gaji. Kaltume ta danna, sai shafin ya ce bai san wannan kwamfutar ba, ya tura wasu lambobi zuwa wayar mai shi, a kawo su kafin ya buɗe.

"Ɗauko wayar Yaya Ado."

Asabe ba ta motsa ba. Kaltume ta tashi da kanta ta buɗe akwati, ƙanshin turarensa ya bugi ɗakin. Aka sa caji, aka kunna, aka jira. Waya ta kawo haske, ga hoton Hauwa'u tun tana jaririya da haƙoranta biyu, amma layi babu. Ko sanda ɗaya ta sabis ba ta fito ba.

"Innalillahi. Yaya, tun rasuwar ba ki kunna ta ba? Ai in layi ya daɗe a kashe kamfani karɓewa suke su sayar wa wani!"

"Na sani," Asabe ta ce a hankali.

Kaltume ba ta tsaya tambayar yadda aka yi ta sani ba. Ta fizgi wayar Asabe da ke kan buhun barkono ta lalubo lambar, ta sa a sifika. A fuskar wayar aka rubuta Baban Hauwa'u, ga shi tana ringin. 

"Alo?" Muryar namiji ce, ga ƙarar keken ɗinki a bayansa. "In yaji ne, don Allah babu. Ni Gideon ne, tela, a Badarawa. Riga nake ɗinkawa, ban san hanyar daddawa ba."

Kaltume ta gaishe shi ta yi masa bayani tiryan-tiryan: layin na mijin yayarta ne, ya rasu, yanzu wani saƙo zai shigo da lambobi, a taimaka a karanto.

Keken ya tsaya.

"Ayya. Allah ya ba da haƙuri. Wallahi na sha zagi a kan yajin nan, wata ma cewa ta yi na cinye mata na jego." Ya ɗan yi dariya, sai kuma ya katse. "Tsaya. Wannan lambar da kuka kira ni da ita, ai na san ta. Ita ce mai kira duk Juma'a bayan an sauko masallaci, in na ɗauka a yi shiru a kashe. Mama, ke ce?"

Kaltume ta juyo ta kalli yayarta. A bakin taga ma shanya ta tsaya cak.

Abin da ba wanda ya sani ke nan. Duk Juma'a, lokacin da Ado ya saba kira ya ce a zuba abinci ga shi nan tafe, Asabe takan kira layin don ta ji matar nan ta kamfani ta ce wayar a kashe take. A kashe ai ba a mace ba. Rannan sai ta ji ta shiga, har aka ɗauka. Ta jefar da wayar ta kwana da zazzaɓi. Amma wata Juma'ar ta sake kira, don ringin ɗin ma wani abu ne.

"Ni ce," ta ce. "Ka yafe ni, ɗana."

"Haba Mama, ba komai. Ki riƙa kira, ni ba zan ɗauka ba in kin fi so haka."

Ya karanto lambobin, Kaltume ta shigar, ɗakin baya ya buɗe.

Asabe ta matso ta durƙusa. Turancinta bai taka kara ya karya ba, amma ta san sunan mijinta in ta gan shi. Can a saman kusurwa ga ɗan hotonsa da hular nan da ta yi masa yawa, kusa da shi an rubuta gaisuwa.

"Me aka ce a nan?"

"Cewa aka yi, barka da zuwa, Ado."

Asabe ta kai yatsa ta taɓa gilashin, yaji ya ɗan shafu a wurin. Ashe akwai inda har yau in an buɗe ƙofa shi ake yi wa maraba. Hawaye ya zubo mata, ta bar shi. Sai ga ƙaurin wake daga kicin, ta tuna tukunyar da ta ɗora tun ɗazu.

"Lambar kawai, Kaltume. Kin ji? Kada ki taɓa komai."

Ta fita ta sauke tukunya, ta ƙara ruwa, ta tsaya ta wanke fuska don kada Hauwa'u ta dawo daga Islamiyya ta gan ta haka. Da Asabe ta koma ɗaki, Kaltume na murmushi irin na wanda ya yi aikin kirki.

"An gama. Na sa lambarki a gaba, na sa ta a ciki, yanzu saƙo ke zai riƙa zuwa wa. Dubi nan kuma."

A kusurwar babu hula, babu Ado. Hoton Asabe ne na bikin wata ƙawarsu, an rubuta barka da zuwa, Asabe.

"Ina yake?"

"Yaya, ai shafinki ne. Kuma bai kamata a bar..."

"Ina kika kai shi?"

"To, to, kwantar da hankalinki, yanzu zan mayar." Kaltume ta goge, ta rubuta Ado. "Ga shi nan. Hoton ma in kin turo min wani sai in sa."

Asabe ta daɗe tana kallon haruffan nan uku.

"Wannan ke kika rubuta," ta ce. "Wancan shi ya rubuta, yana zaune a nan inda kike, yana shan kunu. Abu ɗaya na roƙe ki."

"Sunan ai ɗaya ne, Yaya!"

"A wurinki."

Kaltume ta rufe kwamfutar da ƙarfi, idonta ya cika. "Shekara guda ina kallon ki kina bin mutumin nan kabari da ƙafarki. Ni ma yayana ne, ni ma na yi kuka! Amma Hauwa'u abinci za ta ci, ba ringin ba!"

Asabe ta ɗauki wayar Ado ta kashe, ta shiga naɗe ta cikin shuɗiyar rigar a hankali, ba ta ɗago ba.

"Ki gaida gida."

Kaltume ta suri jakarta, ko takalmi ba ta tsaya sawa daidai ba. A bakin ƙofa ta yi karo da Ladidi da jiƙaƙƙen zaninta a hannu, ta ture ta ta wuce, ta maka ƙofar har robobin yajin da ke jere a kan kantar ɗakin suka zubo ƙasa.