Indararon da na juya

Shekara goma ina cin kuɓewar Selina, amma ban taɓa yarda mun haɗa ido ba lokacin da take miƙo ta. Duk damina sai ta yi sallama a ƙofar gidana da ke Rumde da ɗan kwano rufe da faifai, ta ce, "Bappa Zubair, ga na fari. Ruwanka ne ya yi shi." Ni kuma in ce a kai wa matata Asta, in shige ciki kamar ana kirana. Asta ta yi miya, in ci in ƙoshi. Ba zan yi ƙarya in ce ta taɓa tsaya mini a wuya ba. Kuɓewa ce mai kyau.

Selina ta zo Jimeta ne a shekarar da 'yan bindiga suka kama garuruwan arewacin jiha, mutane suka yi ta kwararowa a bayan tifa da a ƙasa. Daga wajen Michika ta fito, ita da tsohuwar mahaifiyarta. Mijinta ya ce su yi gaba yana zuwa, har yau bai zo ba. Mai kangon da ke bayan gidana ya ba su izini su zauna, 'yan cocinsu suka taru suka ɗora musu ɗaki ɗaya na tubalin ƙasa. Tsakanin bangon ɗakin da katangata akwai ɗan lungu, faɗinsa bai fi kamu biyu ba.

Ban so zamansu ba. Na gaya wa kaina tsoro ne, domin a lokacin bom ya tashi a kasuwa, kowa yana kallon baƙuwar fuska da wutsiyar ido. Amma wane bom ne a jikin tsohuwar da sai an riƙe ta take zuwa bayan gida? Gaskiyar ita ce na saba da shirun kangon nan, a nan nake ɗaure awakina, kuma na lissafa cewa idan ɗaki ɗaya ya tsaya, baɗi sai na ga biyar, da yara da hayaƙi da waƙar coci tun asuba. In fita in ce su tashi kuwa, ba zan iya ba. Ni ne mai sahun gaba a masallacin unguwa, ni ne mai cewa a taimaki 'yan gudun hijira.

Da damina ta gabato na kira Philemon kafinta ya gyara mini rufi. Ya sauya kwano uku da suka yi tsatsa, ya bi kan ƙusoshi da kwalta, sannan ya zo kan indararon da ke tare ruwan dogon rufin baya. Tun da aka gina gidan, ruwan nan tsakar gidana yake sauka, ya bi kwata ya fita titi. Na ce ya ɗaga wannan kan ya sauke wancan, ya zura bakin ta saman katanga.

Philemon ya leƙa ya ce, "Alhaji, ruwan nan zai ci bangon matan nan fa. Ɗakin su na ƙasa ne."

Na ce, "Kai na kira ko alƙali? In ruwa ya dame su, ai ƙasar Allah da faɗi. Su ƙara gaba."

Ya buga ƙusarsa. Minti goma aikin ya ɗauka.

Ba su ƙara gaba ba. Ruwan farko da ya sauka, Selina ta samo tsohon duro ta kafa a ƙarƙashin indararon. Ta haƙa ɗan rami ta ja abin da ya malala zuwa gefe, ta shuka kuɓewa da yakuwa da shuwaka. Sai ga ta a ƙofata tana godiya, wai Allah ya haɗa ta da maƙwabcin da ya ba ta ruwa kyauta. Har labari ya kai ga jauronmu, wato mai unguwa, Bappayo, ya tare ni bayan sallar Juma'a ya ce, "Zubair, ashe haka kake aiki a ɓoye? Allah ya saka." Na ce amin, bakina bai ko yi rawa ba.

Asta kaɗai ta taɓa yi mini magana a kai, sau ɗaya. Ta ce, "Malam, tun da tsakar gidan nan ta daina jiƙewa ni hankalina bai kwanta ba." Na tashi da faɗa a kan gishirin miya, na yi ta sababi har ta bar zancen. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ni kuwa na iya naɗi.

Haka shekaru suka tafi. Wasu 'yan gudun hijira suka koma gida, wasu suka zama 'yan gari. Selina ta samu aikin shara a wata makaranta a Jambutu. Tsohuwarta ta daina fita gaba ɗaya. Ni kuma na koyi yadda ake wuce bayan gidana ba tare da na waiga ba.

Bana rediyo ya yi ta gargaɗi cewa ruwa zai yi yawa, a share magudanai, masu zama kusa da kogi su yi hattara. Mu mutanen Rumde ba ma wasa da irin wannan magana, mun sha ganin Binuwai ya shigo mana gaisuwa har ɗaki. Na sa aka kwashe leda da yashi daga kwatar ƙofar gida. Sannan, don rowa da taurin kai, na ce ni da kaina zan hau in cire ganyen darbejiya da ya toshe indararo. Asta ta riƙe mini tsani tana cewa tsoho da hawa sama, Allah ya kyauta.

Daga saman tsanin ne na ga lungun. Shekara goma ban gan shi ba.

Gindin bangon ɗakin ya cinye, ya rame ciki har hannu zai shige zuwa gwiwa. An yi masa yaɓe a kan yaɓe, kala-kala, na bana daban na bara daban, kowanne da shatar yatsun mace. Wata tsaga ta taso daga ƙasa har ƙarƙashin taga. An tokare bangon da itace uku da wani tsohon ƙarfen gado. Duron yana nan, amma duro ɗaya me zai yi wa ruwan rufi mai ɗaki huɗu? Yana cika cikin minti kaɗan, sauran ya tafi inda na aika shi. Ta tagar kuma na hango farin kai a kan matashi. Gadon tsohuwar yana manne da wannan bangon.

Na tsaya ina kallo, na manta da ganyen da na hau cirewa. Asta ta ce, "Lafiya? Me ka gani?" Na ce ta riƙe tsani ta daina surutu. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro, har na ji ina ma tsanin ya zame in huta.

Da safe na kira Philemon. Ya yi furfura shi ma, amma bakin yana nan. Da ya ji aikin sai ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, yau kuma alƙali ka kira?" Na nuna masa tsani. Ya hau ya zare ƙusoshin, ya mayar da indararon yadda yake tun asali. Sannan ya leƙa lungun ya daɗe, ya sauko ya ce, "Ka makara fa. Bangon nan ya riga ya mutu, tsayuwa kawai yake yi."

Na zagaya gidan Selina, karo na farko da na taka ƙofarta. Na same ta tana tsince shinkafa. Ta miƙe da sauri ta goge mini benci da gefen zaninta. Na ƙi zama. Na shirya magana mai tsawo a hanya, amma da na buɗe baki sai guntuwa ta fito.

"Selina, indararon nan, ba don in ba ki ruwa na juya shi ba. Don ku tashi ne."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ta ce, "Na sani, Bappa."

"Kin sani?"

"Ranar da kafinta yana aiki, ina wanki a gindin katanga. Ka ce ƙasar Allah da faɗi."

Na ce, "To kuɓewar fa? Da godiyar?"

Ta ɗaga kai ta dube ni, babu fushi a fuskarta, kuma wannan ya fi mini zafi. Ta ce, "Mutum da ya gudu sau ɗaya ba ya faɗa da maƙwabci. In na yi ƙara, kai ɗan gari ne, ni baƙo. In an ce mu tashi, ina zan kai Mama? Sai na ce bari in yi ta gode maka a gaban mutane, ko za ka ji kunyan korar mu."

Wato shekara goma ana ciyar da ni kamar yadda ake jefa wa mugun kare ƙashi don a wuce lafiya. Ni kuma ina lashe baki.

Na ce bangon ba zai kai ƙarshen damina ba, su dawo zaurena kafin in sa a tayar da sabo na bulo. Ta ce za ta yi shawara. Sai da Asta ta je da kanta, ta zauna da tsohuwar, ta yi ta "Dada, ki yi haƙuri ki zo," sannan suka yarda. Ranar Talata muka ɗauko tsohuwar a kan katifarta, ni da Philemon. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Kayan ɗaki kuwa Selina ta ce a bar su, wai ba daɗewa za su yi ba.

Ranar Alhamis bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Indararon ya yi ta aman ruwa a tsakar gidana, kwata ta kasa ɗauka, ruwa ya hau har dokin ƙofar ɗakin girki, takalmana suna yawo a kai. Ina tsaye ina kallo, ina cewa a raina, ashe wannan ne nake aika musu. Kafin la'asar muka ji ƙara a bayan gida, ba mai ƙarfi ba, kamar an sauke buhu daga mota. Selina ta rufe ido. Tsohuwar ta tambaya da yarensu, ta amsa mata da kalma ɗaya.

Da ruwa ya tsagaita, unguwa ta fito. Bangon ya kwanta ciki, daidai inda gadon yake, rufin ya bi shi. Mata suka taya Selina tono tukwane da tufafi daga cikin laka. Maza suka taru a ƙofar gidana, Jauro Bappayo a tsakiya da lemarsa.

Ya ce, "Jama'a, ku ga maƙwabtaka. Ba don Zubair ya hango ba, da yanzu gawa muke tonowa. Ya ba su ruwa shekara da shekaru, yau ya ba su ɗaki."

Aka yi ta "Allah ya saka." Wani ya kama hannuna da hannu biyu. Na ji in na sake cewa amin a wannan karon, ba zan iya tsayawa a sahu ba har in mutu.

Na ce, "Jauro, ni na kayar da ɗakin nan. Da gangan na juya musu ruwa don su tashi. Tun shekarar da suka zo."

Sai wani ya yi dariya. Bappayo ya dafa kafaɗata ya ce, "Kun ji mutumin kirki. Ko yabo ba ya so, sai ya ɗora wa kansa laifi."

Na ce, "Wallahi da gaske nake." Na waiga neman Philemon, ya riga ya tafi duba nasa rufin.

Daidai nan Selina ta zagayo da baho a ka, cike da jiƙaƙƙun kaya, laka har gwiwarta. Bappayo ya tsayar da ita yana murmushi.

"Ke Selina, zo ki raba mu. Wai Zubair ne ya kayar miki da ɗaki?"

Ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi mazan unguwa da suka kewaye ni, duk 'yan gari. Sannan ta leƙa cikin zaure, inda mahaifiyarta ke kwance a kan katifa, ƙarƙashin rufina. Na roƙe ta da ido ta faɗa.

Ta ce, "A'a, Jauro. Ruwa ne kawai. Bappa mutumin kirki ne."

Ta sauke bahon a bakin ƙofa, ta ɗan rusuna, ta tambaye ni ko zan yarda ta shanya kayan a igiyar tsakar gidana.