Mutuwar Janar Tsatsa a Cikin Kabad

"A sake, ranka ya daɗe," in ji Hirose, darektar murya ta kamfanin gem, wato wasan bidiyo, tana durƙushe kan tabarma da kwamfuta a cinya. "Ƙarar jirgi ta shigo mana."

Fumie ta gyara riƙon da ta yi wa ƙugun tsoho Kuwabara. Su biyu ne a tsaye cikin kabad ɗin katifu na ɗakinsa. An cire katakon tsakiya, an jingina katifu da barguna ta ko'ina don su shanye ƙara, makirfo na rataye a saitin bakinsa. Zafin Agusta ya manne masa riga a baya, tana jin haƙarƙarinsa ɗaya-ɗaya a tafin hannunta.

"Shekara arba'in da biyu jarumai na kashe ni," in ji Kuwabara da dusasshiyar murya, "ba wanda ya taɓa katse mini mutuwa sai jirgin ƙasa."

"Rufe baki ka tara numfashi, tsohon banza," in ji Fumie.

Awara take sayarwa a shagon da ke manne da gidansa, a unguwar Nerima ta birnin Tokyo. Tun tana amarya take jin dariyar Janar Tsatsa ta bango kowace safiya, don Kuwabara ne muryarsa. A littafin zane, janar siririn mugu ne mai laima, dariyarsa haruffa uku ce a takarda. Da aka mai da shi katun na talabijin, Kuwabara ya ba haruffan sauti. Daga baya masu fim suka ba janar kyakkyawar fuska da uwa marar lafiya don a tausaya masa, Kuwabara ya fice daga silima tun ba a kai rabi ba. Masu gem kuwa sun yi shi dogo kamar bene da hannuwan ƙarfe shida, amma muryar ba su taɓa ta ba.

Ranar Litinin likitoci za su sa masa bututu a maƙogwaro, daga nan ba sauran magana. Yau Asabar. An ɗauki dukkan maganganun sabon gem ɗin tun watanni uku da suka wuce, saura mutuwar janar. Kamfani ya aiko cewa kada ya wahalar da kansa, kwamfuta ta koyi muryarsa, za ta ƙarasa.

"Kwamfuta ta mutu a madadina?" ya ce wa Fumie a ranar. "Ko tari ta taɓa yi?"

Bai taɓa ɗaukar murya a zaune ba, kuma ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Shi ya sa ta rufe shago, ta kashe injin niƙan wake, ta zo ta zama bango.

"Ranka ya daɗe, ko a kawo kujera?" in ji Hirose. "Sau shida ke nan."

"Mugun da ya zauna ya zama kakan wani. A tsaye."

"To bari na sake kunna maka muryar jarumin."

"Bar shi. Yaron da ke muryar jarumin ya yi nasa tun watan Mayu, yanzu yana can yana shan iska. Ba zan amsa wa wanda ba ya nan ba." Ya ɗan waiwayo. "Fumie-san, ke ce jarumi."

"Ni? Da waɗannan shekarun?"

"Layi ɗaya ne. Karanta."

Hirose ta miƙo takarda. Fumie ta leƙa ta kafaɗarsa, ta kanne ido, ta karanta: "Yau ƙarshenka ya zo, Janar."

Kafaɗunsa suka fara rawa don dariya. "Kin ji ta? Kamar mai tambayar guda nawa za a naɗe mini."

"Ai kai ka ce na karanta!"

"Faɗa mini shi kamar ranar da kyanwata ta faɗa miki cikin bahon awara."

Fumie ta tuna ranar. Aikin safiya guda ta zubar a kwata, shi kuma yana tsaye a ƙofa yana tambayar ko kyanwar ta ji ciwo.

Jirgi ya wuce, tagogi suka yi rawa suka lafa. Minti huɗu ke gare su kafin na gaba. Hirose ta ɗaga hannu ta sauke.

"Yau ƙarshenka ya zo, Janar!"

Ita kanta sai da ta razana. A ƙarƙashin hannuwanta ta ji bayansa ya miƙe. Dariyar ta taso daga ƙasan ciki, a hankali, yadda ta san ta, ta hau, ta hau, sai ta tsinke ta koma tari. Tarin gaske ne, amma bai tsaya ba, ya ratsa tarin da magana.

"Yaro... ƙarfe ne ke mutuwa. Tsatsa... jira take yi."

Gwiwoyinsa suka saki. Dukkan nauyinsa ya faɗo mata. Ƙa'idar aikin ita ce daƙiƙa biyar na shiru bayan kalmar ƙarshe, an gaya mata tun da safe. Ta dafe ƙafa, ta cije leɓe, ta riƙe shi. Hirose na naɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Da ta naɗe na biyar ta cire na'urar sauraren da ke kunnenta ta ajiye a tabarma, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa ƙasa.

"An samu. Sannu da aiki, ranka ya daɗe."

"Sauke ni, jaruma," in ji Kuwabara. "Kin kusa karya ni kafin lokacina."

Suka ci awara mai sanyi da citta a bakin taga. Loma biyu ya iya, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Ta ce bakinsa ne.

Ya rasu ranar sha ɗaya ga Satumba da hantsi, a asibiti. Jaridu biyu sun ba shi layi takwas-takwas, da hoton janar maimakon nasa.

A watan Maris Hirose ta zo da kanta, ta haɗa wa Fumie gem ɗin a talabijin ɗin bayan shago, ta kai mata shi matakin ƙarshe, ta nuna mata madannin sara, ta tafi. Janar Tsatsa ya cika allon, hannuwa shida a buɗe. Fumie ba ta danna komai ba. Ya jira, ya jira, sannan ya karkata kai.

"Kai, faɗa ka zo yi ko shan shayi?"

Ta ajiye madannin a kan tebur, ta jawo kwanon shinkafarta. Tana ci, shi kuma yana tsaye a allon, ƙirjinsa na hawa yana sauka.