Sayayyar Inna Tani a Kurmi

Ranar da likita ya ce wa Inna Tani ta warke, ɗanta Uwaisu ya ɗauka daga asibiti tashar motar Bici za su wuce. Gero yana jiran taki a gona, ga hadari tun safe. Amma da suka fito bakin titi, sai ta ce ya tsayar musu da adaidaita sahu zuwa kasuwar Kurmi.

"Inna, me za ki saya a Kurmi da babu a kasuwar Bici?"

"Kai dai tsayar."

A Jakara aka haife ta, dab da kasuwar, aure ne ya kai ta ƙauye. Rabonta da Kurmi tun Uwaisu yana goye. Duk da haka ita ce a gaba, tana ratsa lunguna da sandarta, shi yana biye da ledar magani. Suka wuce dukawa masu aikin fata da masu ƙwarya, suka wuce 'yan turare, ba ta ko waiwaya ba. Sai a rumfar wani dattijo mai yadi ta tsaya, suka gaisa.

"Alhaji, fari nake so, mai laushi."

Dattijon ya sauko da bandir biyu. Ta murza kowanne a yatsunta, ta zaɓi ɗaya.

"Na mace ne ko na namiji, Hajiya?"

"Na mace. Ni ce mai shi."

Sai a lokacin Uwaisu ya gane likkafani take saya.

"Haba Inna! Yanzu fa aka ce kin warke."

"Shi ya sa. Da ina kwance na ce a sayo, da kai da Raudatu ƙanwarka kun cika gida da kuka. Ka manta ranar da babanku ya rasu? Sai da aka je har Shanono neman yadi, mutane suna zaune suna jira. Ba na so a yi muku haka."

Alhaji ya yanka, ya ninke, ya yi mata addu'ar tsawon rai, ta amsa da amin har da murmushinta.

Daga nan ta ce yunwa take ji. Suka samu benci wajen wata mai gurasa, aka yayyafa musu ruwa, aka barbaɗa ƙuli-ƙuli da albasa, aka zuba man gyaɗa. Uwaisu ya kasa kai hannu. Ita kuwa ta ci kamar ba ita ce ta yi wata da watanni tana ture kwano ba.

"Innata ma gurasa take yi," ta ce. "Ni nake kawo mata talla nan. Wata rana na tsaya kallon masu biri, akuya ta cinye rabin faranti."

Dariya ta kufce masa. Bai taɓa jin wannan labari ba. Ya lura ko sunan kakar tasa bai sani ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

"Me ta yi miki?"

"Ci mana, ina ba ka labari."

Ya gutsura ya kai baki. Ta gyara zama, ta ɗora ƙullin yadin a cinya, ta fara daga gidan da aka haife ta. Ana kiran la'asar suna nan zaune, har mai gurasar ta matso da kujerarta tana saurare.