Shuɗiyar Waya

"Ba nan ba, Alhaji. Zaro allon gaba ɗaya."

Muryar Malam Awaisu ce daga kujerar baya, da ƙyar take fita. Ni kuwa ina durƙushe a bakin ƙofar motata, sukudireba a hannu, gumi yana shiga mini ido. Ƙarfe huɗu saura kwata. Da huɗu daidai za a fara shirin gaishe-gaishe a tashar Zariya, rediyon motar kuma ba abin da yake fitarwa sai shuuu.

Shekarar da aka yanke mana layukan waya ce. Shekara ashirin da biyu muna katanga ɗaya da Malam Awaisu a Maska, shi yana gyaran rediyo, ni ina fataucin masara zuwa Funtua. Ciwon hanta ya kwantar da shi tun farkon damina, kuma a makon nan asibiti suka ce a mayar da shi gida. Kowa ya san abin da hakan yake nufi. 'Yarsa ɗaya tilo, Amatullahi, tana kwance a Zariya da cikin fari bayan shekara tara da aure, jininta ya hau, an ce ranar Alhamis, wato ranar nan, za a yi mata aiki. Mijinta Zainulabidin ya aiko direba da saƙo cewa ko me ya faru, zai ba da sanarwa a shirin ƙarfe huɗu.

Ƙananan rediyoyin unguwa duk mun gwada, ba su jawo tashar. Tsohon rediyon motata ne kaɗai yake kama ta tangaran, ni kuma don neman suna na je Kano na sa aka cire shi, aka maƙala mini wannan allo mai taswira da bidiyo. Tun ranar ban sake jin tasha ko ɗaya da kyau ba. Wata huɗu Malam yana cewa in kawo ya duba, ina cewa gobe. Wallahi ranar nan na ji haushin kaina kamar in mari fuskata.

Shi ya ce a ɗauko shi. Matarsa Uwa ta ƙi, ta ce iska za ta buge shi.

"Iska kuma me ta rage ba ta yi ba?" in ji shi. "Ku kai ni in ji labarin yarinyar nan."

Haka muka kinkimo shi a bargo, muka ratsa masarar da aka shanya a ƙofar gida, muka kwantar da shi a baya. Uwa ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta.

Na zaro allon. Bayansa wayoyi ne cunkus kamar taliya.

"Me ka gani?"

"Wayoyi, Malam. Me zan gani?"

"Baƙa mai kauri. Mai bakin ƙarfe."

Na lalubo ta. Ita ce ta eriya. An haɗa ta da wani ɗan guntun mahaɗi saboda bakinta bai yi daidai da ramin allon ba, a jikin mahaɗin kuma ga wata siririyar shuɗiyar waya tana reto, an naɗe kanta da salatif. Na gaya masa.

Ya yi tsaki. Mutum yana kan gargara amma ya samu ƙarfin tsaki.

"'Yan Kano. Eriyar motar nan wuta take ci. Sun bar ta da yunwa." Ya tsaya ya ja numfashi, na ji ƙirjinsa yana kurarin nan da ba na son ji. "Nemi 'yar'uwarta a jikin allon. Shuɗiya zalla. Mai ratsin fari, bar ta."

Huɗu saura biyar. Na samo ta. Na fere wayar da haƙori, na murɗe su tare, na kunna. Shuuu ɗin ya ragu, can ƙasa na ji kamar kiɗa, sai ya ɓace.

"Malam, ya zo ya tafi."

Na waiga baya.

"Malam?"

"Yana jin ka," in ji Uwa. "Yi ta yi."

Sai na ji hannunsa ya sauka a kafaɗata ta tsakanin kujeru, ba nauyi ko kaɗan.

"Bakin ya saki," ya ce. "Danna shi ciki. Karkata. In na matsa ka, tsaya nan."

Na cusa kaina ƙarƙashin dashbod, na tura bakin eriyar cikin raminsa, ina juya shi a hankali. Hagu, shuuu. Dama, shuuu. Na ɗan ɗaga shi sama, sai yatsunsa suka matse ni, muryar mai gabatarwa ta cika motar kamar yana zaune a gaba.

Daga nan ban isa in motsa ba. Ba na ganin komai sai wayoyi da ƙura. Aka gai da masu rake na Danja. Aka gai da wata amarya a Giwa. Aka yi tallan taki har sau biyu, na tsine wa takin nan a zuciyata. Wuyana ya ƙage, yatsuna suka fara mutuwa.

"Sai sanarwa daga Zainulabidin Shitu, yana nan asibiti a Zariya, zuwa ga surukinsa Malam Awaisu mai rediyo a Maska, cewa Amatullahi..."

Gumi ya sa yatsana ya zame. Shuuu.

Uwa ta yi salati. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, ko ranar da aka tare mu a hanyar Bakori. Na danna, na karkata, na ɗaga, ba komai. Hannun da ke kafaɗata ya ɗan tura ni hagu. Na bi shi.

"...a maimaita saboda mutanenmu da ba su da layi. An yi aiki lafiya, an samu 'ya mace. Uwa da jaririya duk suna cikin ƙoshin lafiya."

Yatsun suka matse ni sosai, har na ji farcensa ta cikin riga.

"To," ya ce. "Madalla."

Na fara dariya a ƙarƙashin dashbod, hawaye na zuba, ina cewa Malam ka zama kaka, ka samu amarya. Uwa ce na ji tana karanta masa kalmar shahada a hankali, tana maimaitawa, har ta daina. Hannun bai bar kafaɗata ba, nauyi kawai ya ƙara.

Ban saki wayar ba. Na ƙi yarda shuuu ɗin nan ya dawo a kansa. Na ci gaba da riƙewa, mai gabatarwa yana ta gai da mutanen Malumfashi ɗaya bayan ɗaya, Uwa kuma tana jan bargon tana rufe masa ƙafafu.