Umma da Makunnin Shagon Yaya

Ummanmu ba ta wuce makunni a kunne. Ko firij ne, ko wayarka ce a caji, hannunta zai kai, ƙat! Tun da wuta ta tashi daga soket ta cinye shagon ɗinkin Baba take haka, mun yi mita har mun gaji.

Tsohuwar kwamfutar da ke sarrafa injin surfanin Yaya kuwa ta girmi auren Yayan. Injin ba ya jin maganar kowace kwamfuta sai ita, ita kuma ta ƙi karɓar sabuwar ƙwaƙwalwar da aka sa mata. Ni ce mai gyaran na'urorin gidan, na ce sai an sabunta bayos, wato 'yar manhajar da ke zaune cikin madabod, babban faifan cikin kwamfutar, tana tashin komai.

"Amma Yaya, in wuta ta yanke ana tsakar yi, madabod ya mutu murus. Irinsa kuma ya ƙare a kasuwa."

"To ai sola gare mu, Auta."

"Ba sola nake ji ba."

Muka waiwaya tare. Ga Umma a bakin ƙofa da kwanon abincin Yaya, idonta ya riga ya sauka kan jan hasken soket.

Yaya ya fara neman salatif don ya liƙe makunnin. Ni kuwa na jawo kujera har gindin soket ɗin.

"Umma, aiki zan ba ki. Ki tsare mana wannan, kada kowa ya taɓa."

Ta harare ni. "Ni za ki mayar mai gadi?" Amma ta zauna.

Na soka wa kwamfutar filas mai ɗauke da sabon bayos, na danna. Wani siririn layi ya kama rarrafe a allo, fankar kwamfutar tana ƙugi. Yaya ya matso zai jona dutsen guga, Umma ta make masa hannu.

Can allon ya yi baƙi ƙirin. Warin ƙura mai zafi ya taso. Na ga Umma ta danne hannun damanta da na hagu a kan cinya. Wallahi sai tausayinta ya kama ni, na ji kunyar dabarata.

Kwamfuta ta yi ƙiit, rubutu ya dawo. Yaya ya buga tsalle kamar yaro.

Umma ta ce, "Auta, an gama?"

Na kashe kwamfutar a tsanake. "An gama, Umma."

Ƙat! Sannan ta saki numfashi.