Kajin Aro

Motar jami'a ta tsaya a ƙofar gida da baya-baya, an jibge kejuna a bayanta, direba yana ta danna ham. Mai Ƙwai kuwa tana tsaye a bakin ɗakin kajinta, ta dafe ƙofar da hannu ɗaya, ko alamar matsawa ba ta yi.

"Mama, aro ne fa kawai," in ji Auta, 'yarta da ke ajin ƙarshe a sashen kiwon dabbobi. "Da baƙin sun tafi za a dawo mana da su."

"Mutanen da suka iya gina wannan uban gini, kaji ne suka gagare su saya?"

"An ce kuɗin kajin yana hanya."

"Tun bara yana hanya? A ƙafa yake tahowa?"

Auta ta sunkuyar da kai. Labarin dai ba ɓoyayye ba ne. Wasu masu tallafi daga ƙasar waje suka ba jami'a kuɗi ta gina cibiyar koyarwa da bincike kan kaji. Aka yi gini na gani na faɗa, da fankoki da injin ƙyanƙyasa, amma har yau ko ɗan tsako bai taɓa kwana a ciki ba. A gari ana ta raɗe-raɗin cewa gonar Dakta, shugaban cibiyar, ta cika ta batse a daidai wannan lokacin. Yanzu masu tallafin za su zo ganin abin da suka yi, shi ne Dakta ya ce duk ɗalibin da ake kiwo a gidansu ya kawo gudummawa.

"Ya ce in ba ki kawo ba zai kayar da ke?"

"Bai ce ba, Mama. Kallona kawai ya yi, ya ce ya san gidanmu akwai kaji masu kyau."

Wannan ya fi tsorata Mai Ƙwai. Da barazana ce a fili, da ta san inda za ta kai ƙara. Dakta ne ke duba aikin binciken Auta, sai ya sa hannu za ta fita, kuma kajin nan ne suka ɗauki karatun tun daga ranar farko.

Maigida ya leƙo daga ɗaki. Tsohon direba ne, duk wanda ya sa tabarau malami ne a wurinsa. "Ke dai kin cika zargi. Masana ne fa, ƙila ma su yi musu allura kyauta."

"Malam, kyautar da ke zuwa da keji, ni ban taɓa ganin irinta ba."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwalbar jan farcen Auta. Sai da ta ɗiga wa kowace kaza a ƙafa sannan ta bari aka sa ta a keji, direba yana ta tsaki.

* * *

Ba a gayyaci Mai Ƙwai ba, amma ranar da baƙin suka zo ta yafa mayafi ta tafi. Ta zagaya ta bayan ginin ta kafa ido a wata taga mai raga.

Ta ɗauka kowane gida da nasa ɓangaren, ashe an zube su ne wuri guda, jajaye da farare da na gida masu doguwar ƙafa, suna ta saran juna a kan sabuwar dusar katako. A can kusurwa wata farar kaza ta saki fukafukai, ido a kumbure, tana buɗe baki tana jan numfashi. Wani ma'aikaci ya hango ta, ya waiga hagu da dama, ya cusa ta a buhu ya fice ta ƙofar baya. Mazubin ruwan da ta gama sha kuwa yana nan, kajin Mai Ƙwai sun kewaye shi.

Sai ga baƙin, su uku, da huluna da kyamarori. Kowannensu ya tsoma takalmi a ruwan magani da aka ajiye a bakin ƙofa, Dakta yana bayanin yadda cuta ba ta da hanyar shiga nan. Ya nuna kajin ya ce nau'i-nau'i ne da ake gwada juriyarsu. Baƙin suka gyaɗa kai.

Mai Ƙwai ta ƙura wa babbar cikinsu ido, wata dattijuwa mai furfura. Matar ta tsaya tana kallon kajin da ke faɗa, ta ɗan yamutsa fuska, har ta buɗe baki, sai kuma ta ɗaga kyamara. Anya ba su gane ba? Ko dai su ma akwai waɗanda ke jiran su koma musu da hoto? Aka kira Auta cikin farar riga ta riƙe kaza, ta yi murmushi, aka ɗauka. Mai Ƙwai ba ta taɓa ganin murmushin da ya ɓata mata rai kamar wannan ba.

* * *

An dawo da kajin cif, ba a rage ko ɗaya ba. Sai dai da Mai Ƙwai ta bi ƙafafunsu, da yawa babu jan farce.

"Waɗannan ba nawa ba ne."

"Hajiya, kaza ai kaza ce," in ji direba, ya ja motarsa.

Ta ware baƙin kajin a tsohon kicin, ta wanke mazubai da ruwan zafi, ta zuba magani a ruwa. Duk a banza. Kafin mako ya zagayo atishawa ta fara, sai koren kashi, sai ƙwai ya ɗauke. Kullum da safe sai ta kwashe matattu, wasu wuya a murɗe. Masu sarin ƙwai suka yi ta zuwa da kiret suna komawa da shi wayam. Maigida ya daina fitowa tsakar gida.

Mai Ƙwai ta tarar da Auta a bakin famfo tana ta wanke hannun da ba shi da datti.

"Kin san haka za ta faru?"

Auta ta ci gaba da wanke hannun.

"Da ke nake."

"Na sani, Mama. Tun a aji biyu aka koya mana cewa ba a haɗa kajin gidaje daban-daban. Dakta da kansa ya koya mana."

Mai Ƙwai ta so ta yi faɗa, amma ta rasa da wa za ta fara. Ita ma ai ta sani, kuma da hannunta ta miƙa su. Haushin kanta ya fi na kowa ci mata rai.

Wayar Auta ta yi ƙara. Dakta ne. Maigida ya fito da sauri, fuskarsa ta washe. "Ba na gaya miki ba? Ya ji labari, diyya zai bayar."

Auta ta saurara tana "To, ranka ya daɗe," har ta kashe. Ta juyo wurin iyayenta.

"Ya ce baƙin sun yaba, za su ƙara tallafi. Kuma wai ya ji kajinmu na mutuwa, in kai waɗanda ba su daɗe da mutuwa ba. Gobe za a yi darasin gano cuta, babu abin gwaji."

Mai Ƙwai ta dube ta, ta dubi mijinta. "Ya yi maganar sa hannun?"

"Ya ce in taho da aikin nawa."

Mai Ƙwai ta juya. Ta ɗauko buhu, ta shiga ɗakin kaji ta zaɓo waɗanda jikinsu bai gama hucewa ba.

* * *

Washegari aka yi darasi na farko a cibiyar. Sai a ranar aka ɓare ledar da ke naɗe da teburin ƙarfe tun da aka sayo shi. Ɗalibai suka kewaye shi da fararen riguna, Dakta ya miƙa wa Auta wuƙa, ya ce tunda ita ta kawo, ita za ta fara.

Ta tsaga cikin kazar a hankali. A ciki akwai kwanduwa jere, daga ƙanana kamar ƙwayar gero har zuwa babba da ta kusa yin ɓawo.

Dakta ya gyara tabarau ya sunkuya. "Ku matso ku gani," in ji shi. "Wannan kaza ta samu kulawa."