Gashin da Baba Ya Gyara

Tun da Yaya ya ajiye kwandalar a kan teburinta, Auta ta kasa zama wuri ɗaya. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki: a kawo tsohuwar kwandala, ta duba lafiyarta, ta ba ta maki a takarda, masu saye su yarda da sa hannunta. Wannan kuwa ta marigayi babansu ce, mai gyaran agogo.

Ta sa ta a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ta karkato fitila. Ta tashi ta buɗe taga, ta dawo, ta sake leƙawa.

"Ke Auta, me kike ta nema ne? Mai saye yana jirana," in ji Yaya, yana kaɗa makullin mota.

"Yaya, zo ka ga kan mutumin nan da ke jikin kwandalar. Kumatunsa sun goge sumul saboda yawo a hannun mutane. Wannan ba laifi ba ne, tsufa ne. To dubi gashin. Kowane sili fes, kamar jiya aka buga."

"Ai abin murna ne!"

"Ba a tsufa rabi da rabi. An bi layukan da tsinin ƙarfe an ƙara musu zurfi. Ga ɗan tudun da ƙarfen ya turo a gefe. Da ƙarzuwa ce ta faɗuwa, sai in rage maki kawai. Sassaƙa kuwa ba ta da maki sam."

Ta sake duƙawa kan gilashin. Duk layukan sun karkata gefe guda, irin na bahago. Ta san hannun nan. Shi ya zana mata sunanta a bayan agogonta na farko.

Yaya ya kalli fuskarta ya gane. "Wato Baba ne ya yi algus?"

"Ban ce ba. Ka san shi, ba ya iya ganin abu ya lalace ya ƙyale."

"To wa zai gani in ba ke ba?"

Ta ɗauki biro, ta ajiye. Ta zagaya teburin, ta gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ta fara rubutu a takardar farko, ta yaga ta. A ta biyu ta rubuta: "Ta gaske ce. An sassaƙa gashin. Babu maki." Ta sa hannu.

Yaya ya fizgi takardar ya fita ko sallama babu.

Kwana uku tana duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. A na huɗu matarsa ta kira.

"Yayanki ya nuna wa mutumin takardar, ciniki ya watse. Jiya kuma ya tsinci wasu kwandaloli huɗu a akwatin kayan aikin Baba. Ya ce wai in tambaye ki ko za ki zo, kuma ki taho da gilashinki."

Auta ta hau neman takalminta a ƙarƙashin tebur.